Famfon Zafi Na Gida: Shekara Nawa Yake Yi, Kuma Yaushe Gyaransa Ke Zama Asara?

Tun da sabuwar ƙa'idar gas ɗin na'urorin sanyaya da ɗumama gida ta fara aiki a Amurka a farkon 2025, masu gidaje ke jin magana iri biyu daga bakin masu gyara. Wannan ya ce na'urarka ta haura shekara 10, gas ɗinta ma an daina yayinsa, gara ka rabu da ita tun ba ta tsaya maka a tsakiyar hunturu ba. Wancan ya ce lafiyarta ƙalau, a canza mata ƙaramin abu ɗaya ta ci gaba da aiki. A Turai ma haka ake ciki, domin tasu dokar ta 2024 tana da wa'adoji da za su fara cizo daga 2027. Tambayoyi uku ne suka cuɗe da juna: tsawon kwanan na'urar, irin ɓarnar da ta cancanci gyara, da abin da dokar ta hana. Kowace da amsarta.

Mene ne famfon zafi?

Duk wanda ya taɓa sa hannu a bayan firij ya ji ɗumi, ya riga ya san rabin labarin. Firij yana kwashe zafin da ke cikinsa ne ya zubar a waje. Famfon zafi haka yake yi wa gida baki ɗaya, sai dai shi yana iya juya akala. A hunturu yana zuƙo zafi daga iskar waje ya tura cikin ɗaki, domin iska ko ta yi sanyin da ruwa ke daskarewa akwai sauran zafi a cikinta. A bazara kuma ya kwashe na ɗaki ya fitar, kamar iyakwandishan.

Abin da ke ɗaukar zafin wani gas ne da ke zagayawa a cikin rufaffen bututun jan ƙarfe. Kwamfireso yana matsa shi har ya yi zafi, ya ratsa ta cikin naɗaɗɗen bututu fanka na hura masa iska, ya saki zafinsa ya koma ruwa-ruwa, sannan ya bi ta wata 'yar ƙofa matsin ya sauka ya yi sanyi ƙarara, ya sake ɗibar wani zafin. Akwai bawul guda da ke juya hanyar gas ɗin, kuma shi ne babban abin da ya raba wannan na'ura da iyakwandishan na yau da kullum. Da yake jigilar zafi take yi, na'ura mai lafiya kan ba da yunit 3 zuwa 4 na zafi a kan kowane yunit ɗaya na wutar da ta sha. Hita mai waya kuwa ɗaya take sha ta ba da ɗaya.

Iri biyu ne suka fi yawa a gidaje. Akwai mai ɗibar zafi daga iska, wadda akwatinta ke zaune a waje, wata tana hura iska mai ɗumi cikin ɗaki, wata tana dafa ruwan da ke zagaya bututun gida. Akwai kuma mai ɗiba daga ƙarƙashin ƙasa ta dogon bututun roba da aka binne. Dabarar ba sabuwa ba ce. Masanin kimiyyar nan na Birtaniya, Lord Kelvin, ya bayyana ta tun 1852, kuma na'urar da aka girka a zauren majalisar birnin Zurik na Suwizalan a 1938, mai jan zafi daga ruwan kogin Limmat, ta yi aiki fiye da shekara 60.

Daga ina aka samo "shekara 15"?

Adadin da aka fi ambata ga mai ɗiba daga iska shi ne shekara 15. Ya samo tushe daga jadawalin ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, kuma adadin tsakiya ne. Ma'ana, idan aka jera na'urori ɗari, kusan rabinsu an riga an cire su kafin su kai 15, rabin kuma sun wuce. Wanda tasa ta mutu a shekara ta 11 da wanda tasa ke aiki a ta 22 duk suna cikin lissafin. Sannan cirewa ba kullum take nufin mutuwa ba. Wata na'urar an fitar da ita ne don an faɗaɗa gida, ko sabon mai gida ba ya son ƙararta.

Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka yana ba da shawarar a fara tunanin canji idan na'ura ta wuce shekara 10. Masu talla na yawan ɗauko wannan magana kamar wa'adin mutuwa ne, alhali hujjar shirin ita ce sababbi sun fi tsimin wuta.

Mai ɗiba daga ƙasa ta fi jimawa. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta kayan cikin gida za su iya kai shekara 24, bututun da aka binne kuma ya haura 50. Dalilin a fili yake. Kwamfiresonta yana cikin gida, ba ruwan sama ba rana ba ƙanƙara, kuma zafin ƙarƙashin ƙasa bai cika sauyawa ba, don haka ba ya shan wahala irin ta wanda ke kokawa da iskar tsakar dare a watan Janairu.

Wani abin da ke rikita masu kwatanta famfon zafi da iyakwandishan shi ne ƙidayar shekaru maimakon awoyi. Iyakwandishan a ƙasa mai sanyi yana hutawa rabin shekara, famfon zafi kuwa babu ranar hutu. A ɗauka na'ura tana aiki awa 2,000 a shekara. Cikin shekara 15 ta yi awa 30,000 ke nan. Motar da ta yi wannan awoyi tana tafiyar kilomita 50 a awa, da ta ci kilomita miliyan ɗaya da rabi.

Abin da ke cinye mata kwana

Yawancin na'urorin da suka mutu da ƙuruciya, tun ranar girki aka haƙa musu kabari. Babban kuskuren shi ne girma fiye da kima. Mai girki ya ƙi auna buƙatar gidan, ya ce a sa babba don kada a yi kuka da shi. Babbar na'ura takan cika ɗaki da ɗumi cikin 'yan mintoci ta tsaya, jim kaɗan ta sake tashi, haka dai dare da rana. Kwamfireso kuwa a wajen tashi ya fi jin jiki, domin a lokacin yake fizgar wuta mai yawa, man da ke shafe masa ciki kuma bai gama zagayawa ba. Na'urori masu inbata, waɗanda ke rage gudu maimakon su tsaya cik, sun rage wannan matsala amma ba su kawar da ita ba, tunda kowace tana da iyakar da ba za ta iya yin ƙasa da ita ba.

Sai aikin bututu. Idan mai girki ya yi gaggawa bai zuƙe iska da laima daga cikin bututun ba kafin ya saki gas, laimar takan haɗu da mai ta zama asid, asid ɗin ya riƙa cin rufin wayar motar kwamfireso a hankali. Mai gida ba zai ga komai ba sai bayan shekaru, lokacin da mai girkin ya daɗe da mantawa da gidan. Gas da ya yi yawa ko ya yi kaɗan shi ma haka yake yi.

Bayan girki sai kulawa. Matatar iska idan ta toshe da ƙura, iska ba ta ratsawa, matsi ya hau, kwamfireso ya yi ta nishi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce bambancin shan wuta tsakanin na'urar da ake kula da ita da wadda aka yi wa riƙon sakainar kashi yana kai kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. Akwatin waje ma yana da abokan gaba: ganyen da ya maƙale a bayansa, shingen da aka matso da shi har iska ba ta wucewa, ruwan rufi da ke ɗiga a kansa ya daskare, har da fitsarin kare, wanda ke cinye siraran faifan alminiyon da ke jikin bututu su koma kamar garin toka. A gidajen bakin teku gishirin iska ke yin wannan aiki, shi ya sa na'urorin can kan riga na cikin ƙasa mutuwa da shekaru.

Akwai kuma abin da ke tsorata sabon mai na'ura a banza. Da safiyar hunturu sai ya leƙa ta taga ya ga fankar waje ta tsaya, tururi na tashi daga akwatin, ruwa na tsiyaya ƙasa, ga wata ƙara kamar an saki iskar taya. Na'urar tana narkar da ƙanƙarar da ta taru a jikinta ne, ta juya gas na 'yan mintoci don ta ɗumama bututun waje. Wannan alamar lafiya ce. Abin damuwa shi ne ƙanƙara ta lulluɓe akwatin ta wuni ba ta narke ba.

Ɓarnar gyara da ɓarnar sallama

Ba kowace tsayawa ce mutuwa ba. Na'urar da ke gurnani a waje amma fankarta ta ƙi juyawa, sau da yawa kafasita ce ta ƙone. Mai gyara zai buɗe murfin gefe ya zaro wani ɗan gwangwani da samansa ya kumbura, ya sa sabo, cikin rabin awa aiki ya dawo. Makunnin da ke ba kwamfireso wuta, motar fanka, 'yan na'urorin auna zafi da ma'aunin bango duk wannan sahu ne. Ko na'ura ta shekara 14, babu hujjar zubar da ita saboda ɗayansu.

Manyan su ne kwamfireso, naɗaɗɗen bututun da ya fara yoyo, bawul mai juya gas, da fanel ɗin inbata, wato allon lantarkin da ke sarrafa gudun na'ura. Ukun farko sai an kwashe gas, an yanke bututu an yi walda, an zuƙe iska an sake cikawa, don haka ladan aiki kan kai kuɗin kayan ko ya fi. Idan kwamfireso ƙonewa ya yi, asid ya riga ya bi bututu, kuma sabon da aka ɗora ba tare da an tsabtace hanyar ba zai bi sahun tsohon. Fanel kuwa matsalarsa samuwa. Kowane kamfani da nasa, kuma idan an daina ƙera samfurin, na'ura mai lafiyayyen kwamfireso kan zama tarkace saboda rashin allo ɗaya.

Batun ƙarin gas yana buƙatar a tsaya a kansa, don nan aka fi yi wa mutane gyaran gangar Auzinawa. Gas ɗin nan ba mai ba ne da ake ƙonawa. A rufaffen bututu yake, kuma na'ura mai lafiya za ta iya ƙare rayuwarta da wanda aka zuba mata ranar farko. Idan ya ragu, akwai inda yake zuba. Mai gyaran da ke zuwa duk shekara ya ƙara gas ya karɓi kuɗi ya tafi bai gyara komai ba. Idan yoyon a mahaɗa yake, ana toshewa a wuce wurin. Idan kuwa bututun ne tsatsa ta huda shi wuri-wuri, yau a like nan gobe can ya buɗe.

Wata alamar ba ta da ƙara ko kaɗan, sai a takardar kuɗin wuta. Na'urori da yawa suna da hita mai waya a ciki don agaji a ranar tsananin sanyi. Idan kwamfireso ya raunana, hitar ce ke ɗauke nauyin a ɓoye. Gida yana nan da ɗuminsa, kowa na barci lafiya, amma yunit ɗaya ake saye a sami ɗaya maimakon uku. Hanyar ganewa ita ce a kwatanta yunit ɗin da aka sha a hunturun bana da na shekaru biyu ko uku baya. Kwatanta kuɗi kawai yana ruɗarwa, tunda farashin wuta na sauyawa.

Abin da dokar gas ta ce

Asalin maganar ya koma Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta sa aka yi ban kwana da gas masu lalata rufin ozon, wanda ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. Cikinsu akwai R-22. Tarayyar Turai ta hana zuba shi a na'ura gaba ɗaya daga 2015, Amurka kuma ta daina ƙera shi da shigo da shi daga 1 ga Janairu 2020, sai wanda aka tace daga tsofaffin na'urori. Wanda ya gaje shi, R-410A, ba ya taɓa ozon, amma kilo ɗaya nasa idan ya tsere yana ɗumama duniya daidai da kilo 2,088 na iskar kabon dayoksaid cikin shekara 100. Wannan ya sa aka yi wa yarjejeniyar gyara a Kigali a 2016 don a rage irinsa.

A Amurka dokar da aka zartar a 2020 ta tsara rage ƙera wannan rukuni na gas da kashi 85 cikin ɗari nan da 2036, mataki-mataki: ragin kashi 40 daga 2024, sai kashi 70 daga 2029. Daga farkon 2025 kuma sababbin na'urorin gida dole su yi amfani da gas da ma'auninsa na ɗumama duniya bai kai 700 ba, shi ya sa kasuwa ta koma R-32 mai 675 da R-454B mai 466. Turai ta fi tsanantawa. Daga 2027 ƙananan na'urori da dama, waɗanda ƙarfinsu bai wuce kilowat 12 ba, sai gas ɗinsu ya yi ƙasa da 150, abin da ya tura kamfanoni da yawa zuwa R-290, wato furofen.

In ban da haramcin R-22 na Turai, duk waɗannan ƙa'idoji a kan abin da za a ƙera ko a sayar sabo suke. Babu wadda ta ce a cire na'ura mai R-410A da ke aiki a gida, kuma an yarda a gyara ta a cika mata gas ɗinta. Wanda ya ce wa mai gida na'urarsa ta zama haram bai faɗi daidai ba. Amma wanda ya ce dokar ba ta shafe shi ba, shi ma ya rage wani abu. Kayan da ake rage yawansu kowace 'yan shekaru ba su cika sauka a farashi ba, don haka yoyon da ake haƙuri da shi yau zai fi ciwo bayan 2029. Sannan sababbin gas ɗin suna iya kama wuta, R-32 da R-454B kaɗan-kaɗan, furofen sosai, kuma ba a zuba su a na'urar da ba don su aka ƙera ta ba. A na'ura mai kashi biyu, na ciki da na waje, wannan na nufin duk ranar da za a koma sabon gas, biyun za a canza tare.

Mai R-22 kuwa lissafinsa ya fi sauƙi. Galibi na'urar ta riga ta wuce shekara 15, kuma babbar ɓarna ta farko ita ce ta ƙarshe.

Masu cewa a canza da wuri, da masu cewa a jira

Ɓangaren farko yana da hujjoji masu nauyi. Na'ura ba ta zaɓar ranar hutu ta mutu, a ranar da aka fi matsa mata take tsayawa, ranar da kowane mai gyara yake da layi. Wanda gidansa ya yi sanyi da jariri ko tsoho a ciki ba ya ciniki, abin da aka samu shi zai karɓa, a girka masa cikin gaggawa, kuma an ga abin da gaggawar girki ke haifarwa. Suna kuma nuni da ci gaban da aka samu. Mafi ƙarancin makin tsimin wuta wajen sanyaya da aka yarda da shi a Amurka 10 ne daga 1992, ya koma 13 a 2006, ya zama 14 ga famfon zafi a 2015, aka sake ɗaga shi a 2023 tare da sabon salon gwaji. Sababbin samfura na ƙasashe masu tsananin sanyi kuma suna ci gaba da ba da zafi a yanayin da tsofaffi ke miƙa wuya ga hita.

Ɓangare na biyu yana cewa a yi lissafi tukuna. A ɗauki gidan da ke buƙatar yunit 12,000 na zafi a shekara. Tsohuwar da ke ba da biyu da rabi a kan kowane yunit za ta sha 4,800. Sabuwa mai ba da uku da rabi za ta sha kusan 3,430. Ragin yunit 1,370 ne a shekara. Mai gida ya ninka wannan da farashin wutarsa, ya raba kuɗin sabuwar na'ura da abin da ya fito, zai ga shekara nawa za a yi kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A gidan da ba a cika kunna na'ura ba, amsar kan zarce kwanan sabuwar kanta. Suna ƙara da cewa ƙera na'ura ma yana cin ƙarfe da makamashi, kuma tsohuwar da ta yi shekara 12 ba matsala ta riga ta nuna an girka ta daidai, abin da ba a da tabbacinsa a kan sabuwa. Ko tallafin gwamnati ba kullum yake taimakon mai canji ba. Shirin tallafin Ingila da Wales, alal misali, na masu barin tsohon tsarin ɗumama gida ne, kamar tukunyar ɗumama gida mai aiki da gas ko mai, bai shafi wanda zai musanya tsohon famfon zafi da sabo ba.

Masu sana'ar suna da ƙa'idar baka da ta tsaya a tsakiya: idan gyara ya kai rabin kuɗin sabuwa, a canza. Ƙa'idar tana da amfani amma makauniya ce ga shekaru. Kwamfireson da ya mutu a shekara ta 6 mai yiwuwa yana cikin garanti, tunda kamfanoni da yawa kan ba shi shekara 5 zuwa 10, ko da yake galibi kayan kawai suke biya ban da ladan aiki, wasu kuma sai an yi rajistar na'urar bayan girki. Irin wannan ɓarna a shekara ta 14, ko ba ta kai rabi ba, sabon kwamfireso za a ɗora a kan tsohon bututu, tsohuwar fanka da tsohon fanel, waɗanda duk sa'anni ne.

Yadda abin ke sauka a kan mai gida

Ƙasa da shekara 10, kusan kowace ɓarna ta gyara ce, sai dai a nemi sanin abin da ya jawo ta, musamman idan kwamfireso ne. Tsakanin 10 da 15 nan ake jayayya, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne wane kashi ya lalace, wane gas ke ciki, sau nawa aka kira mai gyara a shekaru biyun baya. Sama da 15, ƙananan gyare-gyare na nan da amfaninsu, amma wannan ne lokacin tara farashi daga masu girki biyu ko uku a kaka ko farkon bazara, lokacin da ba a rububinsu. Shekarar ƙira da sunan gas duk suna kan 'yar takardar ƙarfe ko leda da ke manne a gefen akwatin waje, wani lokaci shekarar a cikin lambar na'urar take.

Mai ɗiba daga ƙasa yana da sauƙi ɗaya: abin da ya fi cin kuɗi, wato haƙa da binne bututu, ba a maimaita shi. A gwada bututun a tabbatar ba ya yoyo, a canza akwatin cikin gida.

Ranar canji kuma, girman tsohuwar ba ma'auni ba ne. Mai yiwuwa tun asali ta yi wa gidan yawa, ko an sauya tagogi an toshe rufi tun bayan girka ta, gidan ya daina zubar da zafi kamar da. Mai girkin da ya zagaya ɗaki-ɗaki da ma'auni, ya duba hanyoyin iska ko faifan ɗumama ɗaki, ya tambayi takardun wuta na baya, yana yin aikin da zai nuna kansa bayan shekara 12. Sauran tambayoyin da ake yi masa kafin a sa hannu: ko za a sake amfani da tsohon bututu, kuma idan haka ne ta yaya za a wanke shi, shekara nawa garantin kaya, shekara nawa na aiki, wa zai yi rajista da kamfani, da kuma yadda za a kwashe gas ɗin tsohuwar a tukunya, domin sakinsa a iska laifi ne a Amurka da Turai duka.